Asabar: gyaɗa huɗu da tsinken ashana biyu

Tun bayan azahar ƙanena ya tsare ni da tambayar da malaminsu na kwamfuta ya ba su. Jeri ne mai gurbi 3, kowane gurbi a sa masa cikakkiyar lamba, mai alamar tarawa, ko mai alamar ɗebewa, ko sifiri. Idan aka ajiye alamomin gefe aka haɗa lambobin, jimilla ta zama 4. Jeri nawa za a samu?

Da amsarsa ya zo, yana wani ɗaga kafaɗa: 120. Kuma a gaskiya rabin hanyarsa ta burge ni. Ya jera ƙwayar gyaɗa 4 a kan tabarma, ya sa tsinken ashana 2 ya raba su kashi uku. Wurare 6 ke nan, a zaɓi 2 don tsinke, hanya 15. Sai ya ce kowane gurbi alama biyu gare shi, 2 sau 2 sau 2 ya ba da 8, ya ninka da 15.

Na ce masa, "Malam ƙarami, ɗauki 4, 0, 0. Ɗebe sifiri da tara sifiri, ina bambancinsu?" Ya yi tsit. Wannan jerin fuska biyu kawai gare shi, shi kuwa ya ƙirga shi sau 8. Nan ne duk matsalar take, don sifiri ba ya ɗaukar alama.

Muka sake lale, muka kasa aikin bisa yawan gurbin da ba sifiri ba. In guda ne, wuri 3, alama 2, ya zama 6. In biyu ne, zaɓin wuri 3, rabo 3 (1 da 3, 2 da 2, 3 da 1), alama 4, ya zama 36. In duka ukun ne, 2, 1, 1 ce ke zagayawa hanya 3, alama 8, ya zama 24. Jimilla 66.

Bai yarda ba, kafiya gadon gidanmu ce. Bayan la'asar da aka kawo wuta ya rubuta 'yan layuka a Python, wani yaren ba kwamfuta umarni, kwamfuta ta gwada duk jeri 729 daga ɗebe 4 zuwa 4. Ta buga 66. Ya canja jimillar: 1 ta ba da 6, 2 ta ba da 18, 3 ta ba da 38. Shi da kansa ya gano cewa amsar ita ce jimillar sau kanta, sau 4, a ƙara 2. Wannan ya fi min daɗi a kan amsar.

Na dai gargaɗe shi cewa gwajin ɗaya bayan ɗaya ba zai kai shi ko'ina ba in gurbi ya kai dubu. A gasar rubuta shirye-shiryen kwamfuta ma amsar kan yi girman da sai dai a rubuta ragowarta bayan an raba da 1,000,000,007.

Gyaɗar Inna ce, ta zo ta kwashe abarta tana mita. Na bar masa gurbi 4 da jimilla 4 zuwa gobe, ban da kwamfuta. Ni 192 na samu, ban faɗa masa ba.