Tafiyarmu Kano Neman Maganin Zuciyar Gwaggo

Daga Haɗeja muka taso da sassafe, muka biyo ta Gujungu da Gezawa, Gwaggo tana kujerar gaba saboda ƙafafunta sun kumbura har takalmi ba ya shiga, sai silifa da aka yanke wa maɗauri. A tashar Yankaba muka sauka, muka ɗauki shatar adaidaita sahu zuwa asibitin da aka turo mu ganin likitan zuciya.

Bayan an ɗauki hoton zuciyarta da na'urar eko, likitan ya juyo da allon wajenmu, ya nuna mana ƙyauren da ke tsakanin ɗakuna biyu na ɓangaren dama na zuciya, wanda ake kira tirikasfid. Ɓallayensa uku ne, kuma aikinsu su haɗu su rufe duk lokacin da zuciya ta matsa, domin jini ya wuce huhu. Nata ba sa haɗuwa, don haka jinin yana komowa baya, ya taru a hanta da ciki da ƙafafu. Na ga wannan da idona, wani launi yana tsartuwa baya a kowane bugu, kuma a lokacin ne na fahimci dalilin da ya sa ko alwala take yi sai ta huta.

"Likita, yanka ni za a yi?" in ji Gwaggo.

"A'a, Hajiya, da shekarunki da yanayin hantarki, buɗe ƙirji yana da haɗari ƙwarai," ya amsa mata a hankali. Daga nan ya yi mana bayanin hanyar da ba a tsaga ƙirji, inda ake zura siririn bututu ta jijiyar jini da ke saman cinya har ya isa zuciya, ana kallon tafiyarsa da na'urar hoto da aka saka ta maƙoshi. Da bututun ake kai wani ɗan mamatsi mai suna TriClip, na kamfanin Abbott, wanda yake kama bakin ɓallayen ya haɗa su kamar yadda abin shanya yake kama tufa a igiya. An amince da shi a Turai a 2020, a Amurka kuma a 2024. Akwai kuma EVOQUE na kamfanin Edwards, wanda shi sabon ƙyaure ne ɗungurungum da ake dasawa a cikin tsohon, kodayake wasu daga cikin waɗanda aka sa wa suna buƙatar batirin zuciya, wato na'urar daidaita bugunta, daga baya.

Abin da ya ƙara mini yarda da likitan shi ne bai cika mu da alkawarin banza ba. Ya ce babban gwajin TriClip da aka wallafa a 2023, kan mutum 350, ya nuna yoyon yana raguwa kuma marasa lafiya suna jin sauƙin rayuwa, amma cikin shekarar farko ba a ga bambanci a yawan mace-mace ba. A ganina wannan sauƙin ba ƙaramin abu ba ne ga dattijuwar da burinta ta taka zuwa gidan suna da ƙafarta. Ya kuma ce a ƙasarmu sau da yawa matsalar tana farawa ne daga ƙyauren hagu, wanda zazzaɓin gaɓoɓi mai biyo bayan ciwon maƙogwaro ya lalata tun yarinta, don haka dole a duba shi kafin a yi maganar na dama.

Kuɗin aikin da kuɗin fita ƙasar waje a yi shi sun fi ƙarfin gidanmu a yanzu. An ƙara mata maganin sa fitsari don rage kumburin, aka hana ta gishiri da yawan dunƙulen miya, aka ce a riƙa auna nauyinta kowace safiya. Mun kwana wajen ɗan'uwanmu a Hotoro, washegari na shiga kasuwar Sabon Gari na sayi sikeli da littafin rubuta awon, domin likitan ya ce mu zo masa da shi idan mun dawo bayan wata guda.