Fim ɗin ɗalibai mai salon Faransa: sauti ne yake fara kashe shi

Ɗaliban da suka kalli fina-finan Faransa na ƙarshen shekarun 1950 sukan ɗauka cewa sirrin shi ne riƙe kyamara a hannu da yanka hoto ba zato. Sai su kwaikwayi wannan, su manta da sauti.

Lokacin da darakta Jean-Luc Godard ya ɗauki fim ɗinsa À bout de souffle, wanda ya fito a 1960, kyamarar mai ɗaukar hotonsa, Raoul Coutard, tana da ƙara sosai, don haka daga baya aka ɗora muryoyi. Haka darakta Jean Rouch ya yi a fim ɗin Moi, un noir na 1958: jarumin fim ɗin, Oumarou Ganda, ɗan Nijar, ya ɗora maganarsa bayan an gama ɗauka a Abijan. Ɗalibi kuwa yakan dogara da makirufon jikin kyamara daga nisan mita uku, a ɗaki mai fanka, janareta na ruri a waje. Maganar takan fito kamar daga cikin rijiya, kuma tacewa ba ta gyara ta. Makirufo ya tsaya kusa da baki, kimanin rabin mita, a sama da kai inda ba ya shiga hoto. A kashe fanka. A tafa hannu sau ɗaya a farkon kowace ɗauka don haɗa sauti da hoto. Kafin a bar wuri, kowa ya yi shiru a ɗauki sautin ɗakin na minti ɗaya, da shi ake cike giɓin da yanka ya bari.

Hasken rana kyauta ne, amma ba ya jira. Fitowar da aka fara ƙarfe tara aka gama sha biyu, inuwarta ba za ta yi daidai ba. A fara da hoton nesa, na kusa ya biyo baya, da farin kwali mai mayar da haske kan fuska. A ƙarƙashin fitilar lantarki ta 50Hz (wutar da ke juyawa sau 50 a daƙiƙa), irin ta Najeriya da Nijar, a ɗauka da firam (hoto) 25 a daƙiƙa, shata (tsawon buɗewar idon kyamara) a 1/50 na daƙiƙa, in ba haka ba hoto zai riƙa ƙyafta.

A wajen ɗaukar fim ɗin Godard, Coutard ya zauna a keken guragu da kyamara ana tura shi maimakon layin dogo na kyamara. Dabarar tana aiki har yau, amma a kan daɓe mai santsi kawai, a kuma tura a hankali.