Abin da shirya liyafar ofis ya koya mini game da gidajen abinci a Kaduna

Duk wanda ya zauna a sashen kula da ma'aikata na ofishinmu sai ya gaji wani aiki da ba a rubuta a takardar ɗaukarsa ba, wato nemo inda za a ci abincin dare idan wani ya yi ritaya, ko aka yi masa ƙarin girma, ko aka mayar da shi Abuja. Kuɗin karo-karo ne, kowa ya sa gwargwadon albashinsa, kuma mahalarta sun haɗa da darakta da direba da mai shara. Ina son aikin nan fiye da yadda abokan aikina suke zato, domin mutumin da ya yi shekara 35 yana bauta wa gwamnati, ko ya cika shekara 60 da haihuwa, ya cancanci dare ɗaya da zai zauna ya sake, ya yi dariya, ba tare da ana duban agogo ba.

Ba na kai mutane manyan otal. Abincinsu ba shi da laifi, amma na lura da yadda ƙananan ma'aikata suke takura a wurin. Masinja zai zauna a bakin kujera, ya rage murya, ya zuba wa cokula ido, ya tashi bai ƙoshi ba. Gidan tuwo na bakin kasuwa kuwa, ko da miyarsa ta fi ta kowa daɗi, an gina shi ne don a ci a tashi. Kana loma ta uku wani yana tsaye a kanka yana jiran benci. Matsakaicin gidan abinci shi ne inda darakta ba zai ji an rage masa daraja ba, mai shara kuma ba zai ji ya shigo inda ba nasa ba. Irin wannan wuri za ka nemi ruwan wanke hannu ka ci sakwara da hannunka, babu mai kallonka.

Abu na farko da nake dubawa ba jerin abinci ba ne, inda kowa yake kwana ne. Kogin Kaduna ya raba garin biyu, kuma tun bayan rikice-rikicen 2000 da 2002 zaman unguwanni ya bi wannan rabuwar sosai. A ofishinmu akwai mutanen Kawo da Malali da Tudun Wada da Rigasa, akwai kuma na Barnawa da Narayi da Sabon Tasha. Da rana duk muna haɗuwa a tsakiyar gari ba tare da tunanin komai ba. Da dare kuwa kowa yana lissafin hanyarsa ta komawa gida. Shi ya sa nake tsayawa a yankin titin Ahmadu Bello, da titin Isa Kaita, da titin Ali Akilu, da titin Muhammadu Buhari wanda har yanzu manya ke kira Waff Road, zuwa Unguwar Rimi. Nan ne kowane ɓangare yake jin an yi masa adalci. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuma, nisan wuri ya zama maganar aljihu. Wanda zai hau keke biyu kafin ya isa gida, idan ka kai shi can gefen gari, ka ci shi tara ne da sunan gayyata. Nakan tabbatar wurin yana kusa da babban titi, sannan na haɗa marasa mota da masu motar da hanyarsu ɗaya tun kafin ranar.

Sai lokaci. A garin nan abincin dare yana rataye ne da Magariba. Idan ka ce ƙarfe shida, rabin tebur zai miƙe ana kawo abinci, ya dawo ya tarar miya ta huce. Na fi son a taru bayan an idar da sallah, a tashi wajen ƙarfe tara. Don haka nake tambayar inda ake alwala da inda ake sallah, kuma ba na yarda da "akwai" kawai, sai an nuna mini. Wani wurin dardumar maza tana nan a shimfiɗe, amma mata sai dai su raɓe a lungu kusa da kicin. Hajiyoyin ofishinmu ba za su yi ƙorafi a gabanka ba, amma gayyata ta gaba za su ba da uzuri. Maganar giya da shisha ma nakan yi ta kai tsaye da manaja. Abokan aikinmu Kirista ba su taɓa neman a kai su inda ake sha ba, kuma dattijon da ake karramawa bai kamata ya zauna hayaƙi yana ratso shi daga teburin matasa ba.

Zuwa da kai ya fi aike. Hoton da ake sawa a Instagram da rana ake ɗaukarsa, lokacin da wurin yake fayau. Ni ina zuwa ne a irin ranar da irin sa'ar da za mu yi taron, na sayi abu kaɗan na zauna ina saurare. Ranar Asabar da yamma akwai ƙwallon Ingila, kuma gidan abincin da ya kafa talabijin a kowane bango ba wurin hira ba ne a wannan lokacin. Idan aka ɗauke wuta, daƙiƙa nawa kafin janareta ya tashi, kuma a ina aka ajiye shi? Na san wurin da abincinsa ke da kyau ƙwarai, amma janaretan yana bayan tagar babban ɗakin, sai kun ɗaga murya kafin ku ji juna. Nakan shiga banɗaki, nakan duba matakala. Yawancin waɗanda muke yi wa bankwana gwiwa ta fara ciwo, kuma hawa bene biyu kafin a kai ga kujera ba karramawa ba ce. Lambu yana da daɗi a watan Maris, amma a Agusta ruwa zai iya tashin ku a tsakiyar jawabi, a Disamba da Janairu kuma hunturu zai hana tsofaffi sakewa.

Maganar kuɗi ita ce inda na fi tsanantawa, domin amana ce. Farashin da ke jikin takardar abinci ba lallai shi ne abin da za a biya ba. Harajin VAT ya koma kashi 7.5 cikin ɗari tun watan Fabrairun 2020, wasu gidajen kuma suna ɗora kuɗin hidima a kai. Nakan ce wa manaja: "Yallaɓai, a rubuta mini jimilla, har da ruwa da haraji, a sa hannu." Idan ya fara kame-kame, na san ba wurinmu ba ne. Ina ba da kafin alƙalami, ragowar kuma na biya a gefe kafin a gama cin abinci, don kada a tsaya a bakin ƙofa ana jiran na'urar POS ta samu sabis baƙi suna kallo. Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya koya wa kowa a garin nan ya tanadi hanyar biya fiye da ɗaya.

Abin da ya fi kawo natsuwa a tebur shi ne ɗauke takardar farashi gaba ɗaya. Idan ka miƙa wa ƙaramin ma'aikaci ita, mafi arha zai zaɓa don kunya, wani kuma ya zaɓi mafi tsada a yi ta kallon-kallo. Mukan tsayar da kala biyu ko uku tun da wuri: tuwon shinkafa da miyar taushe ko kuka, sakwara da agushi, dafa-duka da kaza. A fara da farfesu, a ajiye tsire a tsakiya kowa ya miƙa hannu. Gasasshiyar tarwada tana da farin jini, sai dai tana ɗaukar lokaci a wuta, don haka idan ana so a faɗa tun da rana. Yaji a kawo shi daban. Zoɓo da kunun aya a yi wani ba sukari, a rage gishiri a kwanon mai hawan jini, kuma a yi hakan ba tare da an sanar da duk tebur ciwon mutum ba. Gidan da jerin abincinsa ya kai shafi goma, daga na Sin zuwa na Labanan, ina ɗari-ɗari da shi. Kicin ɗaya ba ya iya duk wannan da kyau.

Tambayata ta ƙarshe ga manaja kullum ita ce ko za a bar mu mu zauna bayan an kwashe kwanuka. A nan ne liyafar take. A nan ne wanda ya yi shiru shekara da shekaru zai miƙe ya ce, "Baba, ka yafe mana," dattijon kuma ya ce ya yafe, shi ma a yafe masa. Idan a wannan lokacin ma'aikaci ya fara kifa kujeru ko rage fitilu, an ɓata abin da aka tara kuɗi dominsa. Saboda haka nakan nemi a ware mana ma'aikaci ɗaya da zai tsaya a kanmu, na yi masa bayanin tsarin, na ba shi tukuicinsa a hannunsa. Ragowar abinci a zuba a robobi tun a kicin, a miƙa wa masu iyali a hankali wajen fita.

Washegari ba darakta nake tambaya yadda aka ji ba, shi zai ce madalla ko yaya aka yi. Direba nake tambaya da mai shara: kun ƙoshi, kun sami abin hawa, ƙarfe nawa kuka isa gida? Amsarsu nake rubutawa a littafin sashenmu kusa da sunan gidan abincin da jimillar abin da aka kashe, kuma da ita nake yanke ko za mu koma.