Talata: aron da ba a mayarwa

Auta ta dawo da jan biro a shafi guda cur. An ba su 503 a cire 278, ta rubuta 375. Hanyar da ta bi a fili take: a kowane gida, na ɗaiɗai da na gomomi da na ɗaruruwa, ta cire ƙaramar lamba daga babba, ko wacce ce a sama. 3 daga 8, 0 daga 7, 2 daga 5. Yara da yawa a nan suke faɗawa, kuma ba rashin ƙwaƙwalwa ba ne.

Bayan la'asar muka shimfiɗa tabarma. Na ce mata 8 ba za ta fita daga 3 ba, sai an yi aro a maƙwabta. Ta ɗago kai ta ce, "Yaya, to yaushe za a mayar musu?"

Tun ɗazu tambayar nan take cina, domin gaskiya ta faɗa. A tsohuwar hanya ana mayarwa: in an ƙara 10 a sama, sai a ƙara 1 a lambar ƙasa ta gida na gaba. A hanyar da ake koya musu yanzu ba abin da ke komawa. Canji ake yi, kamar a fasa ɗari a shago.

Sai muka ɗauko tsinken tsintsiya da kyauro. Tsinke goma a ɗaure, ɗauri ɗaya ke nan. Muka fara da 62 a cire 38: ɗauri 6 da tsinke 2. Ta kwance ɗauri ɗaya da hannunta, ya zama ɗauri 5 da tsinke 12. Ta cire 8, ta cire ɗauri 3, saura 24. Sai da ta yi haka sau uku kafin na bari ta taɓa fensir.

Sifiri ne mai wahalar. A 503 gidan gomomi fanko ne, dole a wuce gidan ɗaruruwa. A soke 5 a rubuta 4, 0 ya zama 10. A sake soke 10 ɗin a rubuta 9, sannan 3 ta zama 13. Daga dama ake farawa: 5, sai 2, sai 2, amsa 225. Wanda ya manta bai mayar da 10 zuwa 9 ba, 235 zai samu. A tara amsar da 278, in 503 ba ta dawo ba, akwai kuskure.

Littafi mai gida-gida ya ƙare, a saya gobe. In babu shi, lambobin gocewa suke: 78 ta 278 a ƙarƙashin 50 ta 503 take zama.

Umma ta nemi tsintsiyarta ta tarar da rabi.

Su kusan saba'in ne a ajinsu, malami ɗaya. Jan biron nan ba a littafinta kaɗai yake ba, kuma ranar Alhamis za su shiga lambobi masu gida huɗu.