Tarin Baba da katin Levofloxacin

Talata, bayan isha'i.

Yau dai Baba ya yarda muka je asibiti. Tarin nan ya haura wata guda, tun shigowar hunturu, kullum cewa yake ƙura ce kawai. Makonni uku da suka wuce ƙanena ya je wani kemis ya faɗa musu yadda jikin yake, suka ba shi Levofloxacin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, ƙwaya ɗaya kullum har kwana 7, suka haɗa masa da Prednisolone, maganin rage kumburi. Gaskiya ya ji sauƙi. Zazzaɓin yamma ya tafi, ya koma zuwa masallaci da ƙafarsa, mu ma muka saki jiki. Bai yi kwana goma da gamawa ba tarin ya dawo, ga gumin dare har Inna tana sauya masa riga, ga rama.

Mun kama layi tun ƙarfe takwas, sai wajen azahar muka shiga. Allah ya sa na tafi da katin maganin da ya ƙare a jakata. Likitar ta karɓa, ta juya shi, ta yi shiru na ɗan lokaci.

"Baba, kafin ka sha wannan an gwada kakinka?"

"A'a, 'yata. Ai na ɗauka mura ce."

Sai ta juyo gare ni ta yi bayani a tsanake. Levofloxacin da Moxifloxacin da Ciprofloxacin duk gida ɗaya ne, kuma biyun farko suna cikin manyan magungunan da ake ajiyewa don tarin fuka mai bijire wa magani. Idan mai tarin fuka ya sha ɗaya daga cikinsu shi kaɗai, zai danne ƙwayoyin cutar har ya ji kamar ya warke, gwajin kaki ma yana iya ƙin nunawa. Cutar tana nan tana cin huhu, mutanen gida suna shaƙa, kuma ƙwayoyin suna iya sabawa da maganin, ranar da za a buƙace shi da gaske ya ƙi aiki. Ta ce yana da amfaninsa a ciwon huhu idan likita ya duba ya ga ya dace, amma yawancin tarin mura ba ya buƙatar maganin kashe ƙwayoyin cuta ko kaɗan.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne da ta tambaye shi ko ƙafa na masa ciwo. Baba ya nuna agararsa ta dama. Ya yi kwanaki yana shafa mata man zafi, muna cewa sanyi ne! Ashe wannan jinsin magani yana iya kumbura agara, har ta tsinke, kuma haɗarin ya fi yawa ga wanda ya wuce shekara 60 ko yake shan irin su Prednisolone. Baba yana da 68, ya kuma sha duka biyun tare. Ta ce tun 2008 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi mafi ƙarfi a takardar bayanin da ke cikin kwalinsu saboda wannan. Mu ko kwali ba a ba mu ba, kati ne aka miƙo a leda.

Raina ya ɓaci da mai kemis ɗin, ban ɓoye ba. Bai ga Baba ba, bai tambayi shekarunsa ba, bai tambayi kwana nawa yake tari ba. Amma mu ma mun san ana cewa tarin da ya kai mako biyu a je a gwada, muna ji a rediyo, muka zauna.

An ɗauki hoton ƙirji, an karɓi kaki don gwajin GeneXpert da ake gano tarin fuka da shi, ba mu biya ko sisi a gwajin kakin ba. Ta rubuta a takardar cewa ya sha Levofloxacin kwanan nan. Ta hana shi doguwar tafiya sai agarar ta lafa, ta ce ko a nan gaba duk likitan da zai gani a faɗa masa abin da maganin ya yi masa.

A adaidaita sahu muna dawowa Baba bai ce komai ba sai da muka kusa gida, ya ce kada a bar jikokinsa su kwana a ɗakinsa tukuna. Na buɗe masa tagogi duk da sanyin. Jibi zan koma karɓo sakamako, kuma zan tafi da Inna, don ita ma na ji ta tana tari da asuba.