Abin da kwamfutar shago ta jawo min

Yau sati biyu kenan da nib bar shagon da nike aiki nan wajen Mabera cikin Sakkwato, shekara biyu da 'yan watanni ina buga takardu da fotokwafi da rijistar JAMB in lokacinta ya zo. Ba ni nic ce zan tafi ba, kuma wallahi har yanzu in na tuna yadda anka yi sai in ji ƙirjina ya yi nauyi.

Kun dai sani kwastoma ba su zuwa da filashi yanzu, kowa sai ya ce bari in turo maka ta WhatsApp. To don sauƙi sai nih haɗa WhatsApp ɗina da kwamfutar shago, kuma layina ne na kaina wanda nike magana da gida da shi. Abin da ban kawo ma raina ba shi ne rufe shafi ba fita ba ne. Da magariba in kashe kwamfuta in hau kabu-kabu in wuce Runjin Sambo hankalina kwance, ashe duk wanda ya kunna ya buɗe zai tarar da komi, ko wayata na aljihuna ko a kashe take ma saƙo na shiga can. In waya ta wuce kwana 14 ba a buɗe WhatsApp ba yakan fitar da na'urar da kansa, ni kuwa wace rana ce ban buɗewa.

Lokacin ina bin oga albashin wata biyu. Na faɗa ma yayana ta WhatsApp, na kuma gaya mashi na kai takarduna wani wuri, kuma gaskiya cikin ɓacin rai na yi magana mai zafi. Ranar wata Litinin ina shigowa oga na zaune bisa kujerata, yaran shago na tsaye, yac ce kai yaro zo nan, ashe haka kake faɗi a kaina? Ya dinga karanto maganata ɗaya bayan ɗaya. Nic ce ranka shi daɗe wagga magana tsakanina da yayana ce. Yac ce kwamfuta tashi ce, abin da ke ciki duk nashi ne.

Korar ba ita ta fi ci min rai ba. Mutumin nan ya yi kwanaki yana bi, ya saurari saƙon murya na Inna tana gaya min rashin lafiyarta, ya ga hotunan ƙanwata na biki da ba ta yarda an sa ko a sitatus ba. Na yarda ni nib bar ƙofa a buɗe, wannan laifina ne ban musu, amma dattijo mai 'ya'ya ko ya tarar da ƙofa a buɗe ai sallama yake yi. Har gobe ban yarda an yi min adalci ba, ni da ban taɓa cin naira ɗaya tashi ba.

Don Allah duk mai aiki da kwamfutar da ba tashi ba, yau ɗin nan ka shiga WhatsApp wurin da ake ganin na'urorin da anka haɗa, har guda huɗu yake ɗauka, wadda ba ka gane ba ka cire ta, daga wayarka ake yi ba sai ka koma wurin ba. Facebook ma yana nuna inda duk anka shiga da asusunka. In kwamfuta ta ce ta riƙe maka kalmar sirri ka ce a'a. Ka sayi layi daban na aiki. Ka sa fin mai lamba 6 na kariya ta biyu a WhatsApp ɗinka, lambar nan da ke shigowa ta tes kuwa kar ka ba kowa ko da ya ce kuskure yay yi ya turo maka.

Akwai kuma abin da ke damuna wanda ba nawa ba ne. Takardun NIN na mutane da sakamakon WAEC da hotunan fasfo na matan aure duk suna nan jibge cikin kwamfutar nan, kowa na iya buɗewa, alhali tun 2023 akwai dokar kare bayanan mutane a Najeriya. Ni nikan goge na kowace rana kafin in tashi, babu wanda yas sa ni. Ranar da anka sallame ni ko taɓa madannin ba a bari na yi ba, na ranar Asabar da ban samu gogewa ba suna can, albashina na wata biyu ma yana can.