Gwajin da na yi da hunturu bai kai ni bazara ba

Ƙannena masu son ƙara wa furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, gudu fiye da yadda kamfani ya ƙayyade, ku matso ku ji abin da gaggawa ta ja mini.

Kwamfutata ta tebur ta farko ta hannu na saya, furosesarta Intel Core i5-2500K, wadda ta fito a 2011. Harafin K ɗin nan ne ya ruɗe ni, domin yana nufin ba a kulle ta ba, kana iya shiga BIOS, wato shafin saitin da ake buɗewa kafin Windows ta tashi, ka ɗaga lambar ninkin gudu. Asalinta 3.3 GHz ne. Na ga Turawa suna kai ta 4.5, sai na kwafi lambobinsu tsaf, har da na ƙarfin wuta, na zuba. Ta tashi, Windows ta buɗe, na ce aiki ya yi.

Na dai yi gwaji, kada in yi wa kaina ƙarya. Na kunna Prime95, manhajar nan da aka ƙirƙira don neman manyan lambobin lissafi, wadda ke sa furosesa aikin jaki. Amma minti ashirin kacal na ba ta, kuma da daddare ne a watan Janairu, ina lulluɓe da bargo. Zafin bai kai digiri 80 ba, na kashe na kwanta ina murna.

Da Afirilu ta shigo, rana a Kano tana haura digiri 40, sai kwamfutar ta fara nuna halinta. Fankar ciki tana ihu, aiki yana tafiyar hawainiya, wani lokaci shuɗin allo ya fito da lambar kuskure 124. Abin da ban gane ba a lokacin shi ne, iskar ɗaki ce ke sanyaya furosesa. Idan ɗaki ya ƙara digiri 15, ita ma kusan haka za ta ƙara. Baturen da na kwafa yana zaune ne a ɗaki mai sanyi, ni kuwa ina ƙarƙashin rufin kwano. Ga ƙurar hunturu ta toshe haƙoran ƙarfen sanyaya, man da ke tsakaninsa da furosesa ya bushe kamar busasshen tuwo. Idan zafi ya doshi 100, furosesa da kanta take rage gudu don kada ta lalace, wato duk abin da na ƙara zafi ya cinye.

Wautar da ta fi ba ni haushi ita ce maganin da na yi: na ƙara mata wuta. Gaskiya ne lamba 124 sau da yawa ƙarancin wuta take nunawa, amma ƙarin wuta ya fi ƙarin gudu haifar da zafi. Na kashe gobara da kananzir ke nan.

Yanzu taki ɗaya nake ɗagawa, wato 100 MHz, in rubuta lambar a littafi kafin in taɓa wani abu. Ina buɗe HWiNFO ko Core Temp, manhajojin da ke nuna zafin furosesa, kuma layin zafi mafi girma nake kallo, ba na yanzu ba. A Prime95, gwajin da ake kira Small FFTs ne ke fito da zafi, na Blend kuma yana haɗawa da RAM. Ku ba shi sa'o'i, kuma ko ɗaya daga cikin ma'aikatansa, wato sassan gwajin da ke gudana tare, ya tsaya da kuskure, gwaji ya faɗi, ban da lallashin kai. Ku yi shi tsakanin azahar da la'asar, fankar sama a kashe, domin haka ɗakin zai kasance ranar da aka ɗauke wuta kuna kan inbata. Ni dai da na ga 85 nake komawa baya.

Idan ta ƙi tashi, kada hankali ya tashi: a zare wuta, a cire ƙaramin batirin CR2032 na kan babban allon cikin kwamfuta (motherboard) na 'yan mintuna, saitin zai koma na asali. Mai laftof kuwa, don Allah ya haƙura da wannan wasa.

Tawa a 4.2 ta zauna. Na ajiye saiti biyu a BIOS, na hunturu da na bazara, kuma farkon Maris nake sauyawa, ranar da nake hure mata ƙura.